Manomin Shinkafa daga Lagdo

Tun rasuwar yayanta, duk marar lafiyar da Zulfa ta gani sai ta tuna da shi. Yau a bencin wani asibiti a Garwa, ta kasa ɗauke ido daga ƙafafun dattijon da ke gefenta. Sun yi fari har ƙwauri, sun tsattsage, irin na mai wuni cikin ruwa. Manomin shinkafa ne daga Lagdo, haka ta ji ya faɗa. Yana murza hularsa da hannu biyu, ma'aikaciyar jinya na tsaye a kansa.

"Baba, fitsarin jinin nan karo na uku ke nan. Na ce ka daina shiga ruwan gona. Kai kake jawo wa kanka!"

"Gaskiyarki, 'yata," in ji shi. "Amma jibi za mu fara dashe. In kin san yadda ake dasa shinkafa daga kan tudu, koya mini."

Zulfa tana ƙiyasta bakunan da ke jiran wannan shinkafa, goma ko fiye. Dattijon ya haɗiye ƙwayoyinsa, ya miƙe yana dafe da mara, yana tambayar ko motar Lagdo ta tashi.