Kyakkyawar Ingila a Shagon Tela

An kawo ni Tawa daga Barmu ba da daɗewa ba bayan Faransawa sun sauke tutarsu. Amarya ce ni a lokacin, doguwa, siririya, ba abin da ake fara gani a jikina sai ƙashin wuya. Mijina tela ne mai ɗan shago a bakin kasuwa. Shi ya ce yana so na, ta bakin kawunsa, amma bai taɓa faɗin dalili ba. Kunya irin ta mazan Adar ta ɗaure masa baki. Ko sunana ba ya kira, "ke" nake tun ranar farko.

Uwarsa, wadda nake kira Inna, mace ce mai kirki, kuma kirkin nata ne ya so ya kashe ni. A wancan zamani jikin mace shi ne shaidar gidan da take aure. In damina ta zagayo amarya ba ta cika zane ba, an gama magana: ko gidan marowata ne, ko na matsiyata. Mata suka fara tare Inna a bakin rijiya suna tambayarta, cikin tausayi, ko hatsi ya ƙare mana. Inna ta dawo gida ranta a ɓace, ta ɗaura ɗamarar wanke sunan gidanta da cikina.

Ta shirya da wata Buzuwa mai kawo nono daga wajen Takanamat. Da safe ƙwaryar fura, da hantsi wata, tuwo kuwa sai ya yi iyo cikin man shanu. A al'ada matar ɗa ba ta ci a gaban uwar miji, amma Inna ta ɗage wannan doka saboda ni. Tana zaune tana fifita, idonta a kan maƙogwarona. Na sha har na tsani ƙarar ludayi. Ba abin da ya ƙaru a jikina sai baƙin rai.

Gaskiya ba furar ce ta fi ci mini rai ba. So nake in san abin da shi maigidan yake gani in ya dube ni. Yakan shigo ya tarar da ni rungume da ƙwarya, idona ya kawo ruwa, sai ya sunkuyar da kai ya wuce ɗaki. Na fara zargin ko shi ma nadama yake yi. Na ce a raina, in haka ne, hanyar Barmu ba ta toshe ba.

Ana nan sai wani abokinsa direba, mai kai kaya Sakkwato ta Ƙwanni, ya kawo masa wata tsohuwar mujalla ta Ingilishi cike da hotuna. Ba mai karanta Ingilishi a unguwarmu, saboda haka abin da direba ya faɗa shi ne fassara. Ya ce an tambayi mutanen Ingila su zaɓi waɗanda suka fi kyau cikin ƴan wasansu da mawaƙansu, kuma wadda ke shafin tsakiya ita ta cinye.

Bayan la'asar maigida ya shigo da mujallar, ya durƙusa gaban Inna. Ina gefe da ƙwaryata, bai ko dube ni ba.

"Inna, ga wadda Turawan Ingila suka ce ta fi duk matansu kyau," in ji shi.

Inna ta miƙar da hannu nesa, ta ƙanƙance ido. Na leƙa. Yarinya ce mai manyan idanu da dogon wuya, hannuwanta kamar karan gero.

"Allah sarki," Inna ta ce. "Can ma an yi fari?"

"A'a, Inna. Haka suke so."

"Tana da miji?"

"Ban sani ba."

"In tana da shi, Allah ya saka mata." Ta juyo wurina. "Kin dai gani, ɗiyata. Haka za ki koma in kika ci gaba da ɓoye fura bayan randa."

Ya naɗe mujallarsa ya fita. Washegari aka ƙara mini ƙwarya.

Da ya ga bai ci nasara a gida ba, sai ya yanke shafukan ya kakkafa su a bangon shago. Nan fa mutanen Tawa suka samu aikin yi. Ban je ba, amma matan unguwa suna kawo mini rahoto da zafinsa daga bakin mazansu. Wanzami ya dubi wasu samarin mawaƙa masu gashi har goshi, ya ce ba muni ne da su ba, rashin iyaye ne. Mahauci ya dubi ta shafin tsakiya ya ce ko akuya aka kawo masa haka, zai mayar wa mai ita. Mushen lakwal, malamin makarantar boko, ya ce matan Faransa sun fi, wanda dama shi ba abin da Faransa ba ta fi ba a wurinsa.

A ƙarshe kan jama'a ya haɗu. Wadda ta fi kyau a Ingila duka wata mata ce ƙosasshiya a bangon baya, mai kumatu da damatsa, tana riƙe da gwangwanin man shafa wa burodi tana murmushi. Direba ya rantse cewa wannan ba tauraruwa ba ce, talla ce kawai. Aka ce masa ai nan rashin wayon Turawan ya fito: suna da mace irin wannan sun bar ta tana tallar mai. Wani tsoho ya ce ba mamaki Nijeriya ta kuɓuce musu.

Mutum ɗaya ne ya ƙi bin jama'a, mijina. Mutumin da ba ya iya haɗa magana biyu a gida, sai ga shi yana musu har jijiyar wuya a kan ramammiyar Baturiya. Gari ya yanke hukunci cewa tela ya kamu da son hoto. Mata suka riƙa shigowa suna yi mini jaje. Wata ta ce ya cire hoton daga bango ya maƙala kusa da keken ɗinki, kuma ya ɗinka wa mijinta aljihu a baibai saboda kallo.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Ashe yana son siririyar mace, in dai fara ce kuma daga Ingila. Ni da nake tsakar gidansa ina shan azaba ko kallo ban isa ba.

Ranar Lahadi, ranar kasuwa, akwai motar da ke komawa wajenmu. Na ɗaure ƙullin kayana, na ce wa Inna zan je duba uwata ba ta da lafiya. Ta dubi girman ƙullin, ta ce in gaishe ta. Na lulluɓa na fita. Ƙaramar mace mai aure ba ta shiga kasuwa a lokacin, amma na ƙudura sai na yaga hoton nan kafin in hau mota.

Na tarar maigida ya tafi sallar azahar, ya gitta kujera a ƙofar shago. Na tsallake ta. Matar tallar mai tana nan a bango tana murmushi. Ita kuwa kyakkyawar Ingila tana maƙale da allura a gefen keke, can ƙasa, inda ba mai ganinta sai wanda ke zaune yana ɗinki. Na durƙusa na kai hannu, sai na tsaya.

An yi mata aiki da tawada. An ɗaura mata ɗankwali mai kunne a gefe, yadda nake ɗaura nawa. An buɗe mata wushirya. A kumatunta an ja zanen tsagar gidanmu, kuma na ƙasa a hagu ya karkace. Nawa ne ya karkace haka, don na fizge kai ina jinjira wanzami yana aiki. Ko uwata sai ta matso take ganinsa.

Inuwarsa ta faɗo cikin shagon. Ya dubi ƙullina, ya dubi hoton, sannan ya tsayar da ido a kan keke.

"Ke, mi ya kawo ki kasuwa?"

"Na zo ganin wadda ta fi kowa kyau a Ingila."

Ya murza zare tsakanin yatsu.

"Turawan sun yi ƙoƙari," ya ce. "Amma ba su gama ta ba. Ni na ƙarasa musu."

Ya zauna ya fara taka keke da sauri, ba ko ƙyalle a ƙarƙashin allurar.

Na ɗauki ƙullina na koma gida. Inna tana tsakar gida tana fifita.

"Ya jikin uwar taki?"

"Ta ji sauƙi, Inna."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta tashi ta ɗauko ƙwarya ta ajiye a gabana, na shanye tas.