Alayyafon bayan gonar gajiyayyu

Har yau idan na tuna Asabar ɗin nan sai zuciyata ta tafasa. Yayana ne ya yanke shawarar kai Mama gidan tsofaffi, wai tun da ta faɗi a banɗaki ba mai iya kula da ita. Haba! Ni ina unguwar Glenwood a nan Amurka, ɗakina ɗaya ne amma na ce a ba ni ita. Ya ce aikina na asibiti ba ya barin mutum ya zauna, kuma shi ne babba. Matar da ta goya mu a Jos, ta sayar da ƙosai muka yi makaranta, ita za a miƙa wa baƙi su riƙa juya ta.

Muka ɗauko ta za mu je ta ga wurin, can hanyar McLeansville. Muna fita daga gari Mama ta buga gilashin mota.

"Tsaya! Alayyafo ne wancan."

Yaya ya yi tsaki, amma ya tsaya. Mama ba ta taɓa wuce ganyen miya ba, ko a Amurka. Nan mutane ciyawa suke ce masa, su fesa masa magani. Ta sauka da sandarta, ta shiga wani fili a bakin kurmi tana tsinka tana zubawa a bakin zane. Rabon da in ga fara'arta haka an daɗe.

Sai ga wani dattijo baƙar fata ya fito daga gidan da ke tsallake. Ya gaishe mu da ladabi, ya ce ko mun san inda muke tsaye. Ni na zama tafinta, don Mama ba ta jin Turancinsu.

Ya ce a da can gidan gajiyayyu na gunduma yana nan kusa. Tsofaffi, makafi, masu taɓin hankali, matan da mazansu suka mutu suka bar su ba komai, duk nan ake tara su. Mai sauran ƙarfi ya yi noma ya ci da sauran. Baƙaƙe ɓangarensu daban, farare daban, ka ji, ko a talaucin ma sai da aka raba su. Wanda ya mutu a kawo shi bayan gona a binne, a ɗora dutse ba suna. An rushe ginin tuni. Ya nuna mana ƙasa inda ta lotsa jere-jere, tsawon mutum tsawon mutum. Ƙanen kakarsa yana ciki, bai san wanne ba.

Tir! Gari guda da coci a kowace kusurwa, a rasa mai sa wa mutane ko shinge. Ana wucewa da mota ana jefa gwangwanin lemo a kansu.

Mama ta saki bakin zanen, ganyen ya zube. Ta ja da baya a hankali tana duba inda take taka ƙafa, bakinta yana motsi. Sannan ta ce mini, "Tambaye shi, ba su da 'ya'ya ne?"

Na tambaya. Dattijon ya ce da yawa suna da su. 'Ya'yan ne ma suke kawo su a keken doki.

Na fassara mata da ƙarfi, kalma kalma, ina kallon Yaya. Wallahi so nake ya ji kunya. Shi kuwa ya zuba wa waya ido, wai ana jiranmu, kuma ai wancan wurin na zamani ne, har da lambu da nas-nas. Na ce masa abin da ban taɓa ce wa na gaba da ni ba, na ce Allah wadai. Mama ta daka mini tsawa, ta ce ba a gabanta ba.

Ta shiga mota da kanta, ta ƙi hannuna. Na ɗauka Yaya zai juya gida. Ina! Ya miƙe hanyar da muka nufa tun farko.

Da muka yi nisa Mama ta kira Yaya, muryarta ƙalau.

"Babban ɗana, in mun isa kada su fara nuna mini ɗaki. Ka ce su kai ni in ga filin da ke bayan ginin, inda ake binnewa."