Ranar da Baba Sabis Ya Danna “Yanzu”

Baba Sabis ba sunan yanka ba ne. A tashar manyan motoci aka laƙaba masa shi, ya kuwa bi shi har gida, har matarsa ma in ya ɓata mata rai da shi take kiransa. Shekara da shekaru yana jan tirela, kuma duk wanda ya taɓa zama a gefensa labari ɗaya zai ba ka: mutumin nan ba ya tayar da mota sai ya zagaye ta kaf. Ya duba baƙin mai, ya duba ruwa, ya bubbuga tayoyi da ƙafa, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. In wata ’yar fitila ta kama a gaban sitiyari, to an fasa tafiya, ko kayan waye aka ɗauko. Abokan aiki su yi ta tsiya, shi ko a jikinsa. Maganarsa ɗaya ce: ba a shiga doguwar hanya da abin da ke neman gyara. Kuma a faɗi gaskiya, har ya ajiye makulli mota ba ta taɓa kwana da shi a daji ba.

’Ya ɗaya Allah ya ba su. Ita ce ta fari, ita ce ta ƙarshe, amma Auta suke ce mata. Tana ƙarama wani zazzaɓi ya tafi da jinta, maganar ma ta bi shi. Da hannu aka rene ta, da ido take sauraro. To, direbobi in sun dawo daga tafiya oda suke dannawa a ƙofar gida yara su fito da gudu. Shi wa zai danna wa? Sai ya ɓullo da tasa dabarar: in ya iso, ya saita hancin mota da tagar falo, ya kunna manyan fitilu ya kashe, ya sake kunnawa ya kashe. Sau biyu. Ma’anarsa, na iso lafiya. Kafin ya sauko ma Auta ta fito ba takalmi.

Ta girma, ta yi karatu, ta auri wani malamin makarantar kurame, mutum mai ji da magana amma hannunsa ya fi bakinsa gudu. Aiki ya kai su wata ƙasa mai nisa. Wayar Baba Sabis irin ’yar ƙaramar nan ce mai madannai, ta matarsa ma haka, kuma me murya za ta yi wa Auta? Shi ya sa kafin su tafi surukin ya kawo kwamfuta ya ajiye a teburin falo, ya sa aka kafa akwatin waifai, mai kawo intanet, a bango kusa da taga. Ya koya musu inda za su danna su ga ’yarsu. Sannan ya ja kunnen tsohon, cikin ladabi dai: “Baba, wani lokaci wani ɗan rubutu zai fito a ƙasa, yana cewa kwamfuta na son a sabunta ta. Na dama yana nufin yanzu, na hagu yana nufin anjima. Don Allah na hagu za ku riƙa dannawa, in na zo ni zan yi.”

Baba Sabis ya ce to. Amma fa kowace “anjima” da ya danna sai ya ji ta a ƙirjinsa. Mutumin da bai taɓa ce wa mota anjima ba!

Sai ciwon zuciya ya kama Auta, likitoci suka ce sai an yi aiki. An sa rana can gaba, tsofaffin suna shirin tafiya, kwatsam jiki ya rikice aka ce gobe da hantsi za a shiga da ita. Surukin ya kira ya faɗa musu, ya ce Auta ta kafe a kan abu ɗaya: ba za ta shiga ɗakin tiyata ba sai ta ga iyayenta sun sa mata albarka, ido da ido. Zai kira ta kwamfuta kafin a tura gadon.

Da sassafe Baba Sabis ya yi wanka ya sa farar rigarsa. Ya goge kwamfutar da tsumma, ya jona caji, ya gyara kujeru biyu a gabanta. Matarsa na kicin tana dafa shayin da ba wanda zai iya sha. Yana kunnawa, sai ga ɗan rubutun nan a ƙasa. Ya tsaya yana kallonsa. Yau ce fa doguwar hanya. Yau ce ranar da bai kamata abu ya tsaya a tsakiya ba, ga kuma abu yana faɗa da bakinsa cewa yana neman gyara. Akwai sauran lokaci, rana ma ba ta ɗaga ba. Ya ce bismillah, ya danna na dama.

Allon ya yi shuɗi. Wasu ɗigo-ɗigo suka fara zagaye.

Da farko hankalinsa kwance, har da ɗan murmushin wanda ya yi abin kirki. Lamba ta fito tana hawa a hankali, ta kai wani wuri ta cije. Ya kurɓi shayi, ya duba, tana nan. Ya je ya dawo, tana nan. Kwamfutar ta mutu da kanta, ta tashi da kanta, ta koma kan ɗigo-ɗigonta kamar ba ta san ana jiranta ba.

Matarsa ta shigo ta tsaya a kansa. “Malam, me ya sami abin?”

“Gyara kanta take yi.”

“Wa ya sa ta?”

Ya kau da kai, ya hau goge allon da tsumma.

“Na ce wa ya sa ta? Sabis! Ka taɓa, ko? Wallahi ka taɓa! Yaron nan bai ce maka na hagu ba? Yau ɗin? Duk kwanakin duniya ka rasa ranar sai yau?”

“Don kada ta tsaya mana a hanya ne,” ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

“To ga shi nan ai ta tashi sama!”

Rana ta hau sosai kafin allon ya washe. Komai ya sauya kamanni, launi sabo, hotuna sun canja wuri. Ya sauke ajiyar zuciya, ya nemo inda suke dannawa su ga Auta, ya danna. Shiru. Ya sake. Ya duba can kusurwar ƙasa inda ’yar alamar waifai take zama, mai kama da mafici. Babu ita. Ba wai ta yi rauni ba, babu ita ɗungurungum. Akwatin bango kuwa fitilunsa na ta walƙiya lafiya lau, abin haushi.

Nan ƙaramar wayarsa ta yi ƙara. Surukin ne. “Baba, ina ta kira ba ya shiga. An zo an sa mata rigar tiyata.”

“Ɗana, ka ba ni ɗan lokaci. Wata ’yar matsala ce.”

Ya kashe kwamfutar ya kunna. Ya zare akwatin bango daga wuta ya mayar. Ya ɗauki kwamfutar ya kai ta dab da akwatin har suna gogar juna, ko kusanci zai sa su gane juna. Ina! Matarsa ta yafa mayafi ta fita neman mai babbar waya a maƙwabta. Ta buga ƙofa ta buga ƙofa, kowa ya tafi aiki, ’yan makaranta sun tafi, tsohuwa ɗaya ta samu, ita ma wayarta ƙanwar tasu ce. Ta dawo tana haki, idonta jawur.

Wayar ta sake ƙara. Surukin ne kuma. “Baba, ku faɗa mini addu’ar a nan, in mayar mata da hannu. Likita yana jira.”

Suka yi, baki na haɗuwa da baki, uwa na kuka. Can aka mayar mata da hannu. Sai surukin ya dawo. “Ta ƙi. Ta ce hannuna ta gani, ba naku ba. Ta riƙe ƙarfen gado ta ƙi saki. Nas ta ce bugun zuciyarta yana hawa, kuma in aka wuce lokacinta wani za a shigar.”

Baba Sabis ya zauna a kujera. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko a gangaren dutse da kaya a baya. Idan yarinyar nan ta rasa aikin yau saboda shi fa? Idan kuma aka shiga da ita haka, zuciya na tafasa, tana ganin iyayenta sun kasa zama a gaban allo don ita?

Ya lalubo lambar mai gyaran da ya kafa musu akwatin. Mutumin na cikin hayaniyar kasuwa, da ƙyar ake jinsa. “Kun sabunta? Kai, Baba! Tun makon jiya mutane ke kawo mini wannan kukan. Sabuwar ba ta gane abin kama waifai na tsofaffin kwamfutoci. Sai an mayar da ita ta da, kuma aikin yini ne. Ku bari sai yamma.”

“Babu yamma! ’Yata ce za a yi wa aiki, yanzu-yanzu!”

Mai gyara ya ce, “To ku ji. Ranar da na kafa akwatin na bar muku wani kebul ruwan ɗorawa, kansa biyu iri ɗaya. Ku soka ɗaya a bayan akwatin, ɗaya a gefen kwamfuta. Wannan ba ruwansa da waifai.”

Baba Sabis ba ya yar da komai, kowa ya sani. Ya jawo tsohon akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado ya zazzage a tsakar falo: sifana, filaya, noti-noti, tocilarsa ta tafiya. Babu kebul. Ya zazzage durowa. Babu. Yana ta surutu shi kaɗai, gumi ya jiƙa farar rigar.

“Wai mai kalar ƙwai?” in ji matarsa. Ta nuna taga. Ga shi can, ta ɗaure labule da shi tun bara, har da ƙulli mai kyau.

Ba wanda ya sami bakin yi wa wani faɗa. Ta kwance da haƙori, labulen mai kauri ya faɗo ya rufe tagar, falon ya yi duhu. Ya soka nan, ya soka can. Wata sabuwar alama ta fito a kusurwa. Kafin ya ce wani abu, kwamfutar ta ɗauki ƙara.

Ga Auta. Kwance, da hula a kai, ta rame, hannu ɗaya ƙam a ƙarfen gado. An riga an turo ta wani dogon lungu na asibitin, inda netwok ba shi da ƙarfi. Hoton ya motsa ya daskare, ya motsa ya daskare. Uwar ta ɗaga hannuwa ta fara: Allah ya yi miki albarka, Allah ya tashe ki lafiya. Amma maganar hannu ba ta yiwuwa a guntu-guntu, ga duhun falo. Auta ta ƙanƙance ido tana girgiza kai.

“Ba ta gane ba,” in ji surukin. “Hoton yana yankewa, kuma duhu ya yi yawa. Baba, ga ƙofar nan, sun ce ba za su ƙara jira ba.”

Baba Sabis ya dubi kayan da ke warwatse a ƙasa. Ya sunkuya ya ɗauki tocilar. Ya saita ta da ɗan idon kwamfutar, ya kunna, ya bar ta ta ɗan jima, ya kashe. Ya sake kunnawa, ya kashe.

Hoton ya daskare. Suka ƙura masa ido, ba mai numfashi. Da ya sake motsi, Auta na dariya da hawaye, hannunta kuma ya bar ƙarfen gadon. Aka tura ta, ƙofa ta rufe, kiran ya yanke.

Yinin nan ba a ɗora tukunya ba. Ba a kwashe sifanu daga tsakar falo ba. Matarsa ta zauna a kan dadduma da carbi, shi kuma a kujerarsa, tocila a cinya, ƙaramar waya a tafin hannu. Sau ɗaya ya ce, “Ki yafe mini.” Ta ce, “Bari dai yarinya ta fito tukuna, ni da kai akwai zama.”

Rana ta kusa faɗuwa wayar ta yi ƙara. Ya kasa dannawa, sai matarsa ta karɓa ta sa a kunnensa.

“Baba, an gama, ta farka,” in ji surukin. “Ba ta iya ɗaga hannu tukuna, duk robobin ƙarin ruwa ne. Amma akwai abin da take ta yi mini, na rasa gane shi, ba ya cikin maganar da na sani. Sai ta dube ni, ta rufe ido ta buɗe, ta sake rufewa ta buɗe. Ta huta, ta kuma. Ko in kira nas?”

Baba Sabis ya dubi tocilar da ke cinyarsa. Ya share fuska da hannun riga.

“Kada ka kira kowa, ɗana,” ya ce. “Cewa take ta iso lafiya.”