Ƙarfen da ke Bayan Baba Mati

Na san kun gaji da faɗan da nake yi muku a kan tambayar ƙarfe, har na ji wasunku suna ce mini Malam Akwai-Ƙarfe a bayan idona. Ku ci gaba, ba ya rage ni da komai. Amma yau ku zauna ku ji inda abin ya samo asali, domin ranar da aka kawo mini Baba Mati ta ƙi fita daga raina har gobe. Ba sunansa na gaskiya ke nan ba, kuma ban fara ba da labarin nan ba sai da na tabbata shi da matarsa duk sun riga mu gidan gaskiya.

Lokacin ina babban jami'in ɗaukar hoto a wata cibiyar gwaje-gwaje mai zaman kanta a Nassarawa GRA, ni ke riƙe da ɗakin MRI. Saboda sababbin cikinku, injin nan ba irin na eksire ba ne. Ƙaton maganaɗisu ne, kuma ba a kashe shi. Ko an ɗauke wuta, ko ranar Lahadi ce ba kowa, yana nan yana ja. Makulli, almakashi, fil ɗin mayafi, duk fizge su zai yi daga hannunka. Ƙarfen da ke cikin tsoka ma haka yake jan sa, sai dai shi ba ka ganin lokacin da ya motsa. Shi ya sa kafin mutum ya taka ƙofar ɗakin sai an tambaye shi, an duba jikinsa, an zagaya shi da na'urar hannu mai kuka idan ta ji ƙarfe.

Wata Talata ce cikin damina, da hantsi, wani ɗan kasuwa da ke bayan layinmu, Alhaji Nura, ya shigo riƙe da hannun wani tsoho dogo siriri. Mai gadin gidansu ne tun zamanin mahaifinsa, mutumin wani ƙauye ne ta wajen Katsina. Likitan ƙashi ne ya turo shi a ɗauki hoton gadon bayansa, saboda ciwon baya da ya daɗe yana cin sa, ga ƙafar hagu ta fara yi masa nauyi. Yana dogara sanda, amma ku riƙe wannan da kyau: da ƙafarsa ya shigo.

Na zaunar da shi na fara tambaya, Alhaji Nura yana tsaye a kansa. Na ce, "Baba, an taɓa yi maka aiki an sa maka ƙarfe? Akwai haƙorin Makka? An taɓa harbinka ko saranka?"

Kafin tsohon ya buɗe baki Alhaji ya kwashe da dariya. Ya ce, "Malam, ba ka san wanda kake tambaya ba. Baba ɗan tauri ne, ƙarfe ba ya cin sa. Ina ɗan sakandare 'yan fashi suka biyo motarmu har ƙofar gida da la'asar, ya tura mu ciki ya juya zai ja ƙofa, suka sakar masa bindiga a baya. Da idona na ga rigar duk huji. Bayan kwana biyu sai ga shi a bakin ƙofa yana shan rake. Tun daga ranar ɓarawo bai sake leƙa layinmu ba."

Na dubi tsohon. Na ce, "Baba, haka ne? Ba abin da ya shiga?"

Ya ce, "Ka ji dai."

Raina bai kwanta ba. Na kai shi bayan labule na ɗaga rigarsa. Bayan nan tun daga kafaɗa har ƙugu tsagar wanzami ce, sabuwa a kan tsohuwa, irin ta masu ciwon baya da ke yawan yin ƙaho. Ba ka iya ware tabo ɗaya daga wani. Na bi shi da na'urar hannu, ba ta yi ko ƙis ba, kuma kun san ba ta jin ƙaramin abu idan ya yi zurfi. Da muka fito na ce ko za mu fara yin eksire don a tabbatar. Nan tsohon ya murtuke. Ya ce, "Ƙaryata ni kake yi a gaban yaron da na goya?" Na je na sami Dakta, likitar da ke karanta mana hotuna, na gaya mata. Ta ce irin labarin nan mun sha jin sa, galibi harbin ne yake kuskurewa ya yagi riga, kuma mutum mai hankalinsa ya ce babu, jiki bai nuna ba, na'ura ba ta nuna ba. Iyakar ƙa'idar wurin ke nan a lokacin. Aka cire masa guru da kambu da layu aka miƙa wa Alhaji, aka sa masa rigar marasa lafiya.

Duk wanda bai taɓa kwanciya a cikin injin nan ba a cikinku, ya nemi rana ya kwanta. Ni na kwanta. Ɗakin sanyi ƙalau, kai kuma daga kai sai 'yar riga mara nauyi. Gadon siriri ne, da ƙyar yake ɗaukar kafaɗa. A toshe maka kunne, a sa maka ƙwallon roba a hannu a ce idan ka ji wani abu ka matsa, a ce kada ka motsa, ko ƙaiƙayi ka ji ka haƙura. Sai gadon ya fara tafiya da kai cikin rami, rufin ya tsaya bai fi taki ɗaya daga hancinka ba. Kowa ya fita, a rufe ƙofa. Sannan bugu ya fara, kamar an kwantar da kai a tsakiyar maƙera, ya tsaya, ya canja murya, ya dawo. Ba ka san ko minti biyu aka yi ko ashirin ba. Tsofaffinmu da yawa kalmar shahada suke kamawa tun daga bakin ramin, wata tsohuwa ta taɓa ce mini yau ta ga samfurin kabari. Ban yi mata musu ba.

Baba Mati bai yi shahada da ƙarfi ba, bai tambayi komai ba. Na danna gadon ya fara shiga. Daidai lokacin da ƙugunsa ya isa bakin ramin sai na ga yatsun ƙafarsa sun danƙare, na ji wani ɗan sauti a maƙogwaronsa. Na tsayar. Na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Sanyi ne. Tura, ɗan nan."

Na tura, na fita, na rufe ƙofa, na zauna a gaban allo. Hotunan farko na gwaji ne, ba sa daɗewa. Da suka fito sai da na miƙe tsaye. Inda ya kamata in ga ƙasusuwan ƙugu jere, wani baƙin tabo ne ya cinye wurin, ƙasusuwan gefensa duk sun lanƙwashe kamar inuwa a cikin ruwa. Abu ɗaya ne yake yin haka a hoto. Na ce innalillahi, na kashe ɗaukar, na ƙwala wa Dakta kira.

Ga abin da nake so ku fahimta. A irin wannan hali zuciyarka cewa take ka fizgo mutum da gudu. Kada ka kuskura. Fitowa ma ratsa maganaɗisun ne, ƙarfen zai sake juyawa. Da hannu na jawo gadon, a hankali, a hankali, gumi yana zubo mini cikin wannan sanyin. Da fuskarsa ta fito na ga ya ciji leɓensa har jini ya gangaro cikin gemu. Hannayensa sun damƙe zanen gado. Ƙwallon robar yana kan ƙirjinsa, ko taɓa shi bai yi ba.

Muka mayar da shi kan gadon da ake turawa muka fitar da shi ta ƙofar baya zuwa ɗakin eksire. Dakta ta ce ya ɗaga ƙafar dama. Ta ɗan motsa. Ta ce ta hagu. Shiru. Ta tsikare shi da tsinke, bai ji ba. Sai na lura zanen da ke ƙarƙashinsa ya jiƙe, shi kuma bai ma san ya yi ba sai da ya ga inda nake kallo. Ya ja mayafi ya rufe, ya ce, "Kada Nura ya shigo."

Eksire ya nuna su ƙarara: 'ya'yan boris na keke guda biyu da guntun ƙusa, irin abin da ake ɗura wa bindigar toka. Guntun ƙusar ya shige inda jijiyoyin ƙafa da na fitsari suke wucewa. Dakta ta yi masa bayani ba ɓoye-ɓoye: idan aka kai shi babban asibiti yau aka yi aiki, akwai fatan ƙafar ta dawo, idan aka bari kuwa ba lallai ya sake takawa ba. Ta fita buga waya ta bar ni da shi.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye muku ba. Na ce, "Baba, fisabilillahi! Sau nawa na tambaye ka? Me ya hana ka matsa ƙwallon?"

Ya mayar da ido kan silin. Sannan ya ce a ranar harbin, da ya ga mutanen gida sun taru suna kabbara ganin yana tsaye, sai ya kasa faɗa. Ya lallaɓa unguwar Gama wurin wani wanzami abokinsa, ya ciccire masa na sama-sama, ya bi wurin da tsaga don ta rufe tabon. Na cikin kuwa ya ce a bar wa Allah.

Na ce, "To ai ya wuce. Alhaji ba zai kore ka don wannan ba, ka ga yadda yake ji da kai. Ka yarda a yi aikin. Ni zan roƙi likitocin kada su nuna wa kowa abin da suka ciro."

Ya ce, "Likita zai sani, nas za ta sani, mai shara zai sani. Kafin a sallame ni maganar ta isa ƙauye." Ya ce, "Ba Nura nake ji ba. Ina da ɗa, Sale. Da ɓarayin daji suka matsa wa garinmu ya shiga 'yan sa-kai. Ya zo har nan Kano ya durƙusa ya ce in ba shi abin da na sha. Uwarsa ce ta turo shi. Me zan ce masa? Na haɗa na ba shi." Ya goge jinin leɓensa da bayan hannu. "Da aka kawo gawarsa, na ce wa uwar shi ya karya sharaɗin maganin. Ta yarda. Har yau tana nema masa gafara a kan haka. Kana so a ciro ƙarfe daga bayana a kai mata labari?"



Dakta ta dawo ta yi iya yinta, har da ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ta yi ba. Ya ce ba za a taɓa shi da wuƙa ba, kuma bai yafe ba idan aka gaya wa wani. Mutum ne baligi mai hankalinsa, kun san dokar aikinmu: ba a yi masa aiki dole, ba a fitar da sirrinsa sai da izninsa. Abin da kawai ya yarda a gaya wa Alhaji shi ne ciwon ya tsananta, likitoci sun ce a yi aiki da gaggawa, shi kuma ya ƙi.

Alhaji Nura ya yi ta roƙon sa har da hawaye, ya ƙi. Sai fushin ya dawo kanmu. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin jira, guru da layun suna hannunsa, ya ce, "Mutumin da bindiga ta kasa, kun raba shi da kayansa kun sa shi a rami kun nakasa shi! Da ƙafarsa na kawo muku shi!" Yana nuna ni da yatsa, mutane suna kallo. Amsar tana bakina, kalma uku ce ko huɗu. Na haɗiye ta, na ce, "Allah ya ba shi lafiya, Alhaji." Mutum biyu suka ɗauki tsohon suka kwantar a kujerar bayan mota. Da za su ja, ya ɗago kai ya dube ni ta gilashi, bai kawar da ido ba sai da na gyaɗa masa kai.

Bayan azumin shekarar na haɗu da Alhaji Nura a wata jana'iza a Tudun Wada. Na yi zaton zai kau da kai, sai ya miƙo mini hannu. Ya ce an mayar da Baba ƙauye kamar yadda ya nema, bai sake tashi ba, bayansa ya yi gyambo saboda kwanciya, a can ya cika. Matar ce ta yi jinyarsa har ƙarshe, ita ke juya shi, ita ke wanke masa bayan. Ya ce, "Wurin zaman makoki kowa faɗi yake, har ya koma ga Allah ƙarfe bai taɓa cin sa ba." Na ce Allah ya jiƙansa. Na shiga mota na daɗe ban tayar ba.

Tun daga nan muka canja tsari. Duk wanda aka taɓa harba, ko ya rantse bai shiga ba, sai ya bi ta ɗakin eksire, in ya ƙi ya koma gida da ciwonsa. Amma wannan ƙaramin darasin ne. Babban shi ne, mutanenmu suna iya jure abin da ba ku zato. Za su kwanta ƙarfe yana juyawa a gadon bayansu, ƙwallon neman agaji yana kan ƙirjinsu, ba za su matsa ba, in dai wanda ya yarda da su yana bayan ƙofa. Saboda haka idan kun zo tambayar ƙarfe, ko wane ne ɗan rakiyar, ɗa ne, miji ne, ubangida ne, ku ba shi kujera a waje. Ku rufe ƙofa, ku zauna, sannan ku yi tambayar.