Rufin da Aka Tara a Gwangwani

Duk wanda ya zauna a garinmu na arewacin Minnesota ya san Vernon Maki. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa motar share dusar ƙanƙara, bai taɓa gogar ko akwatin wasiƙar wani a bakin hanya ba, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka. Mutum ne mai ƙarancin magana, ga taurin kai kamar me. Da hannunsa ya gina gidansu a bakin tafki, mil ashirin daga gari, shi kuma ya sake masa rufi da fale-falen kwalta masu yashi a sama, shekarar da 'yarsu Paula ta gama sakandare.

Yana da al'ada guda da ba ta tashi. Kowace Asabar ta farkon Oktoba zai saɓi tsani ya zagaya bayan gida, matarsa Lorna tana kicin tana jin ƙwanƙwasar guduma. Bayan rabin awa ya dawo, ya kurɓi kofi, ya ce rufi na da sauran shekara goma. Haka yake faɗa kowace shekara, goman nan ba ta raguwa.

Wannan hawan tsani kuwa shi ne makamin Lorna. Paula ta daɗe tana matsa musu su sayar da gidan su koma gidan tsofaffi kusa da ita a birni, har ta sa sunansu a layi. Lorna ba ta taɓa koyon mota ba, amma amsarta ɗaya ce: muddin Vernon na hawa rufi yana tuƙa mota, ba inda za su. Gidan nan ta shiga tana amarya, a cikinsa take so a ɗauki gawarta.

Ita ma tana da tata al'adar. Duk ruwan da aka yi, sai ta tarar da wani baƙin yashi ya taru a gindin indararo. Lorna ba ta zubar da ko zare, balle yashi mai kyau haka. Sai ta share ta zuba a gwangwanin kofi, sanyi na zuwa ta riƙa barbaɗawa a matakalar ƙofa saboda santsi. A da gwangwani biyu take samu a shekara, bana har tara. Murna take yi, wai har da na rabawa matan coci.

Ranar Litinin bayan hawan bana, Jolene Aho ta biyo ta kawo kwanon da Lorna ta manta a coci. Jolene ta ba hamsin baya, rufi sana'arta ce, a wurin mahaifinta ta gada. Ta ga gwangwanaye a jere a baranda, ta tambaya, Lorna ta ba ta labari da alfahari. Jolene ta tsoma hannu ta murza. Sai fara'ar fuskarta ta ɗauke.

"Inna Lorna, wannan ai rufinku ne kika tara a gwangwani."

Ta yi mata bayani cewa yashin nan shi ke kare kwaltar daga rana. Ɗan kaɗan ya zubo ba komai ba ne, amma gwangwani tara, ai rufin ya yi sanƙo ke nan. Ran Lorna ya ɓaci. Ta ce shekaranjiya-shekaranjiyan nan Vernon ya hau ya duba, kuma tun Jolene na rarrafe yake buga ƙusa. Jolene ba ta ja da ita ba, ta sauko da tsaninta daga mota.

Ba ta daɗe ba ta sauko, ta miƙa wa Lorna waya ta ga hotuna. Fale-falen sun yi baƙi sumul, gefensu ya nannaɗe kamar busasshen ganye, wasu sun dare, kawunan ƙusoshi sun leƙo. A saman ɗakin kwanansu, in ji Jolene, katakon lotsawa yake ƙarƙashin ƙafarta, ruwa ya daɗe yana cinsa. Wannan ya wuce faci. Ko dai a yaye shi gaba ɗaya kafin dusar ƙanƙarar farko, ko nauyinta ya sauko musu da shi a kan gado.

Lorna ba ta gama haɗiye wannan ba, Jolene ta nuna mata abin da ta tugo daga cikin indararo. Ɗan itace ne da saiwarsa, tsayinsa ya kai ƙugu, ya yi shekara biyar ko fiye. Daidai saman inda ƙafafun tsanin Vernon suka yi rami a ciyawa ya tsiro. Ba mai hawa tsanin nan bai ci karo da shi ba.

Lorna ta karɓi itacen ta riƙe.

Can sai ga Vernon ya hauro daga tafki da ƙugiyarsa ta kamun kifi. Ya tsaya nesa kaɗan, bai gaida baƙuwar ba sai da ta yi magana, sannan ya kira sunanta. Lorna ta ɗaga itacen a gabansa.

"Maigida, mene ne wannan a hannuna?"

Ya karkata kai, ya dube ta ta wutsiyar ido, abin da ta daɗe tana ɗauka sabon salon tsufa ne.

"Tsintsiya mana. Me ya faru?"

Jolene ta juya ta kama ɗaure tsaninta. Lorna kuwa ta zauna a kan matakala. Shekara hamsin da biyu tana kwana tana tashi da mutumin nan, ta san tarinsa a cikin mutum ɗari, ashe ba ta san ba ya gani ba.

Da ya ga asiri ya tonu, bai yi gardama ba. Ya ce shekara shida ke nan tsakiyar idonsa ta fara duhu, kamar an ɗora masa babban yatsa, gefe-gefe kawai ya rage. Shekarar farko ya kai mataki na huɗu, ya nemi bakin rufi ya rasa, ya sauko. Tun daga nan jingina tsanin yake ya zauna a kan bokiti, yana ɗan bubbuga bango da guduma don ta ji. Tuƙi kuwa, ai hanyar nan shi ya share ta shekara talatin, duk wata kwana da ke cikinta ya haddace, ƙirga su yake yi.

"Ke kika ce muddin ina hawa ba inda za mu," ya ce a hankali. "Shi ya sa na ci gaba da hawa."

Tausayinsa ya kama ta, sai wani tunani ya danne shi. A watan Agusta, shi ya ɗebi tagwayen Paula a motar nan ya kai su wasan baje kolin gari, mil ashirin zuwa, ashirin dawowa, ita tana tsaye a baranda tana ɗaga musu hannu.

Ta miƙe, ta shimfiɗa masa tafin hannu, ta ce ya ba ta makullin mota. Ya laluba aljihu ya ciro, ya miƙo, ya saki a gefen hannunta. Makullin ya faɗi a ciyawa. Vernon ya durƙusa da ƙyar yana shafa ƙasa can wajen hagu, makullin kuwa ga shi nan yana ƙyalli a bakin takalminsa.

Lorna ta tsaya tana kallonsa. Daga baya ta sunkuya ta ɗauka ta jefa a aljihun riga, ta ce wa Jolene ta kawo mutanenta cikin makon nan. Sannan ta wuce gwangwanayen ta shiga ciki, ta ɗauki waya ta nemo lambar Paula.