Ƙashin Wuyan Ragon Layya

Duk sa'ad da na ji ƙarar adda a kan ƙashi, sai in tuna Layyar shekarar da zan rubuta jarabawar bayoloji ta gama sakandare. A gwajin makaranta na riga na faɗi ɓangaren da ake ajiye maka ƙashi a kan tebur a ce ka faɗi sunansa. Ƙasusuwan makarantarmu 'yan kaɗan ne, aji kuwa cike, sai dai ka hango su ta kan kafaɗar wani. Babana ya ce in na sake faɗuwa, shagonsa na kasuwa yana jirana. Ni kuma aikin asibiti nake so.

Kakana ya ji maganar a gidanmu na unguwar Nyanshegu. Da aka feɗe rago, mahauci ya ɗaga adda zai daddatsa gadon baya, sai tsoho ya tare shi da sanda. Aka dafa gadon bayan sukutum, daga wuya har gindin wutsiya. Kun san mutanenmu da ƙashi, sai sun tauna shi ya koma gari. Ran nan kakana ya zauna da kwano a gabansa.

"Kowa ya ci nama, ya kawo mini ƙashi lafiya lau," in ji shi. "Yaro zai rubuta jarabawa."

Gwaggona ta miƙa nata tana hararata.

Na wanke su, na shanya, na jera a tabarma, sai na ga babu na farko, wanda kai ke zaune a kansa. Ashe ya tafi manne da kan ragon. Kan kuwa duk shekara gidan surukin kakana ake kai shi, wani dattijo Badagombe a unguwar Lamashegu wanda 'yarsa ke auren baffana. A wurinmu ba a bin kyauta a karɓo, balle a gidan suruki. Tsoho da kansa ya ga giɓin. Ya sa babbar riga, aka ɗauke shi a babur. Ban san yadda ya soma maganar ba. Ya dawo da ƙashin a aljihu, da sauran maiƙon miya a jikinsa, kuma har ya rasu mutanen gidan can suna tsokanarsa. Na ji kunya a madadinsa ƙwarai.

Na ci jarabawar, ba da wani yawan maki ba, amma ya isa.

Yanzu 'ya'yana a waya suke juya ƙashi da yatsa, kowane ɓangare da sunansa a rubuce. Dattawan biyu sun daɗe da rasuwa, ni ke aika kan rago Lamashegu. Kashegari kuwa sai jikokin dattijon su zo da ƙashin nan, wankakke, a naɗe cikin takarda. Na taɓa tambayarsu dalili, suka ce su dai sun tashi sun tarar haka ake yi.