Shanu a Gefen Masu Cin Kifi

Da na gaji da yawon duniya na dawo Dutse da zama, abu biyu na saya: gida a wata unguwa can inda kwalta ta ƙare, da fili a gabas da shi, wanda na ce babban ɗana zai gina idan ya tashi dawowa gida. Har yau bai tashi ba. Tsakanin gidan da filin akwai fegin wani maƙwabcina, mutumin kirki, Allah ya ji ƙansa. Bayan rasuwarsa ɗansa ya buɗe gidan abinci a wurin. Ya gina kicin a baya, gaba kuma ya shafe da siminti, ya kafa rumfa, ya jera kujerun roba da tebura a waje. Farfajiyar ta jingina da katangata ta wannan gefe, tana kallon filina ta wancan.

Kafin ya buɗe sai da ya zo ya durƙusa ya ce albarka yake nema. Na sa masa. Ya ce da an idar da sallar isha za su fara kwashe kujeru. Ni da bakina na ce masu motoci su riƙa ajiyewa a filina, tunda babu komai a ciki sai tafasa.

Kada a ɗauka ni maƙiyin cin abinci a waje ne. Rabin rayuwata a kan irin waɗannan kujeru na yi ta. Tafinta nake yi wa fatake, masu riɗi da masu fata, ina juya musu magana tsakanin Hausa da Larabci da Faransanci, kuma yawancin cinikin a gaban faranti yake faɗawa. Na sha shayi a bakin kogi a Khartum, na ci kifi da rogo a Abijan inda kiɗa ba ya mutuwa sai gari ya waye. Amma duk inda na ga haka, ko dai unguwar ta 'yan hira ce, wanda ya kama haya a can ya san abin da ya kama, ko kuma akwai lokacin tashi da kowa ya sani. Tamu unguwar ta masu kwanciya da wuri ce.

Ɗakin da ke bayan wannan katanga na matata ne. Hawan jini ya taɓa buge ta, ɓarin jikinta na hagu ya yi nauyi. Ta samu sauƙi har tana takawa da sanda, amma likita ya ja mini kunne cewa barci a wurinta daidai yake da magani. Ɗakin nan shi kaɗai ne babu dokin ƙofa mai tsawo, kuma a cikinsa muka yi mata banɗaki da ƙarafan dafawa. Ba ta da wani ɗaki sai shi.

Da azumi ya zo, yaron ya sake zuwa ya durƙusa. Ya ce mutane sai bayan asham suke fitowa neman abinci, a yi masa haƙuri na wata guda. Na ce ba komai, ai da azumi kowa idonsa biyu. Aka yi salla, aka gama yawon salla, aka gama sittu shawwal, kujeru ba su koma ciki ba. Sai ma ya ƙaro babban talabijin na kallon ƙwallo, ya jingina janareta da katangata, ya ɗauko mai gasa tarwaɗa daga Haɗeja. Sai a raba dare ana ihu. Da safe in na ɗaura wa Hajiya abin awon jini, sai in ga lambar ta haura.

Na yi masa magana a tsakaninmu, ya ce za a duba. Na sake yi, ya ce za a duba. Sai na kai wa mai unguwa.

Aka tara mu a ƙofar gidansa bayan la'asar. Tun kafin a fara na gane inda aka dosa. Fitilun gidan abincin sun haska layinmu, ɓarayin awaki sun daina zuwa, 'ya'yan mutane da dama suna aiki a wurin. Na faɗi tawa. Yaron ya gyara zama, yana juya makullin mota a yatsa.

"Baba, kai fa ka zaga duniya," ya ce. "Kai za ka ba mu labarin yadda birane suke. Dutse ta girma. Ba za mu yi ta kwanciya tare da kaji ba."

"Ni ban hana Dutse girma ba, ɗana. Matata ce ba ta da lafiya."

"Allah ya ba Hajiya lafiya. A sauya mata ɗaki mana. Ko a samo mata auduga a kemis ta toshe kunne, wallahi yana aiki."

Wasu suka yi dariya. Ba duka ba, amma na ga waɗanda suka yi, kuma har yau ina iya jera su. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce zaman tare sai da haƙuri, kuma kowa yana da iko da filinsa muddin sana'ar da yake yi a ciki halal ce.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kunnena ya tsufa. A maimaita mini ta ƙarshen."

Ya maimaita, da ƙarfi, kowa ya ji. Na yi godiya na tashi. A hanyar gida na tsaya a kemis na sayi ƙullin auduga, na jefa a aljihu. Ban kai wa Hajiya ba.

Damina ta sauka. Na zama mutumin da ke roƙon ruwa ba don gona ba, domin duk ranar da aka yi ruwan yamma masu hira ba sa zuwa, Hajiya ta samu barci. Ran da sama ta washe kuwa, shi ke nan. A tsakiyar damina jinin ya sake hawa, muka kwana asibiti har bakinta ya ɗan karkace. Ina zaune a gefen gadon ina yi mata fifita, ina tuna abin da na ga mutane suna yi a wasu ƙasashe. A Abijan na ga tsohuwa ta sheƙo wa masu kiɗa ruwan wanki daga bene. A ƙasar Faransa takarda suke rubutawa, sai ka ga ɗan sanda ya zo da ladabi. Ni ba ni da bene, takarda kuma na san inda za ta kwana. Abin da nake da shi fili ne, da maganar mai unguwa a gaban shaidu.

Na jira aka yi girbi, aka kwashe kara. Sannan na shiga mota zuwa kasuwar Jahun, na nufi wajen masu shanu, na nemo wani ardo da muka daɗe da sanin juna. Mahaifiyata Babarbariya ce, saboda haka ba ma haɗuwa ba mu taɓa juna da wasan Barebari da Fulani ba.

"A'a! Me ya kawo bawa kasuwar iyayengijinsa?" ya ce. "Ko an gaji da ciyar da kai ne an kawo ka a sayar?"

"Na zo in ga ko har yanzu kana ƙirga shanunka da yatsun ƙafa."

Muka gaisa da Fillanci, muka tambayi iyali da dabbobi. Sannan na ce ina da fili a Dutse da ya gaji, ina son taki. Wannan tsohuwar al'ada ce da duk manomi a ƙasarmu ya sani: bayan kaka mai gona yakan gayyaci makiyayi ya sauka a gonarsa, shanu su yini a daji su dawo su kwana a ciki, kashinsu ya zama taki. Mai gona ya ba da hatsi da ruwa. Kuma idan aka ƙulla, an ƙulla ke nan sai ruwan farko ya sauka. Ba a tashin baƙon da aka saukar a tsakiyar rani.

"A cikin gari?" ya tambaya, yana kallona ta gefen ido.

"A bakin gari. Daji na nan bayan duwatsu."

"Babarbare, wa ya taɓa ka?"

Na gaya masa. Da na zo wajen auduga sai ya daina murmushi. Ya ce ƙaninsa zai zo da garke, har da wani bijimi da ba ya son hayaniya.

Na aika wa yaron cewa ina bukatar filina, masu motoci su nemi wani wuri. Ya aiko cewa ba damuwa, Allah ya sa gini za a fara. A birni ya tashi, a birni ya yi karatu. Da ya ga ana kafa turaku ana ɗaure dangwali, igiyar da ake jera maruƙa a jiki, sai ya ɗauka masu awon gini ne.

Shanun sun iso da yamma, daidai lokacin da ake goge tebura. Na fito da kujerata da shayina ƙofar gida na zauna. Suka shigo layinmu a jere, farare, masu dogayen ƙaho, suka wuce ta gaban rumfar suka bazu a filin kamar sun san shi. Wata saniya ta miƙa wuya ta kan 'yar katangar farfajiyar, ta shinshina teburin wani mai babbar riga, sannan ta juya masa baya ta yi abin da ya kawo ta. Mutumin ya ɗauki farantinsa ya koma ciki. Na daɗe ban ji daɗin shayi kamar na ran nan ba.

A rani iskarmu daga gabas take tasowa. Wannan na sani tun kafin in je Jahun. Ba a jima ba zarnin fitsari ya zauna a ƙarƙashin rumfar, ƙudaje suka gano inda ake gasa kifi. Duk lokacin da aka ci ƙwallo aka yi ihu, bijimin nan sai ya amsa, garken duka su taya shi. Masu zuwa da 'yan mata su suka fara ɗaukewa, sai masu manyan motoci da suka rasa wurin ajiyewa. 'Yan ƙwallo sun fi kowa juriya, amma su ba sa sayen komai sai ruwan leda.

Yaron ya kira duba-gari. Mutumin ya zo ya zaga, ya ce dabbobi a bakin gari ba sabon abu ba ne, amma kifi a buɗe cikin ƙudaje dole a rufe shi. Sai yaron ya kai ni wurin mai unguwa. Aka sake tara mu, mutanen dai na ran nan.

"Ranka ya daɗe, kashe mini sana'a ake yi da gangan," ya ce. Babu makulli a yatsa wannan karon.

Mai unguwa ya dube ni. "Alhaji, a duba lamarin nan."

"Za a duba," na ce. "Amma ranka ya daɗe, kiwo haram ne?"

"A'a."

"Taki fa?"

"Alhaji..."

"Filin nawa ne ko na wani? Don na ji an ce kowa yana da iko da filinsa. Har na roƙa aka maimaita mini."

Babu wanda ya yi dariya. Shi kansa mai unguwa yana da shanun kiwo a bayan gidansa, rabin waɗanda ke zaune kuma suna da raguna. Wanda duk ya ce a kori dabbobi daga unguwa, da gidansa za a fara. Aka shafa fatiha aka tashi.

Abu ɗaya ne ya dame ni tun farko, kada warin da kukan shanun su ƙara wa Hajiya wahala. Wata safiya na shiga da abin awon jini na tarar ba ta tashi ba, rana har ta shigo ta taga. Na taɓa ta, ta buɗe ido ta yi miƙa da hannun mai lafiya.

"Alhaji, mafarkin gidanmu na yi," ta ce. A wani ƙauye kusa da Garki aka haife ta, kuma duk rani Fulani a gonar babanta suke sauka. "Numfashinsu nake ji ta katanga. Ka ce wa matar mai shanun ta kawo mini kindirmo, ba wanda aka tsinka da ruwa ba."

Lambar ran nan ita ce mafi kyau da na gani tun kafin azumi.

Da wani azumin ya ƙarato, lokacin da ya fi sa rai da kasuwa, yaron ya yi sallama da hantsi. Ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa kamar ranar farko. Ya rame. Ya ce ya yi kuskure. Ya ce zai mayar da janareta bayan kicin, zai sauke talabijin, kujeru kuma za su koma ciki da an yi isha, har da azumi.

"Madalla," na ce. "Ka fara yau."

"To Baba, shanun fa?"

"Baƙina ne. Sai ruwa ya sauka."

"Baba, ruwa fa da saura!"

"Da saura. Ni ma haka na yi ta ƙirga shi bara."

Ya ce don darajar mahaifinsa. Na ce darajar mahaifinsa ce ta sa na ba shi filin ajiye motoci, kuma da yana raye da shi zai fara marinsa a ƙofar mai unguwa. Daga ciki Hajiya ta ɗaga murya ta ce in sassauta wa yaro, maraya ne. Na ce mata na ji. Sannan na sa hannu a aljihu na ciro ƙullin audugar nan, takardarsa har ta yi baƙi don daɗewa, na ajiye masa a gabansa.

"Ga wannan. Ka raba wa masu cin kifi su toshe hanci. An ce mini yana aiki."

Ya ɗauka, ya sa takalmi, ya fita.

Ban rage wa shanun ko kwana ɗaya ba. Sun yi azumi da mu, sun yi salla da mu, sai da hadari ya haɗo aka yi ruwan farko sannan suka kama hanya. Na shuka gero a filin, ya yi tsawon da ban taɓa gani ba, na aika wa mai unguwa dami guda. Gidan abincin bai mutu ba. Ana cin rana, ana cin yamma, da an sallame isha sai ka ji ƙarar kujerun roba ana ɗora su kan juna. Hajiya takan yi barci kafin a gama.

Turakun kuwa ban cire ba. Suna nan a gefen filin, daidai inda mai zama a rumfar zai gan su. Wanda gara ta ci, nakan sa a kafa sabo.